Guguwar Idai da Ƙauyukan da Agaji Ya Makara a Hanyarsu

Daren Alhamis 14 ga Maris 2019, wayewar Juma'a, mahaukaciyar guguwar da aka raɗa wa suna Idai ta taso daga Tekun Indiya ta afka wa birnin Beira da ke tsakiyar ƙasar Mozambik. Gudun iskarta ya haura kilomita 160 a sa'a. Kafin gari ya waye ta yaye rufin gidaje, ta taɓa na babban asibitin birnin, ta karya turakun lantarki, ta kwantar da ƙarafunan sadarwa. Birni mai mutum wajen rabin miliyan ya yi tsit, ba wuta ba waya. Ma'aikatan Red Cross da suka fara leƙa shi ta sama sun ƙiyasta cewa kashi 90 cikin 100 na yankin ya rushe ko ya taɓu.

Wannan labarin duniya ta fara ji, domin Beira na da filin jirgin sama, ɗan jarida na iya sauka da kyamararsa. Babbar ɓarnar kuwa tana can bayan gari. Guguwar ta nausa yamma, ta je ta yi zaune a kan duwatsun iyakar Zimbabuwe tana zazzaga ruwa, ruwan ya gangaro ta kogunan Buzi da Pungwe. Mutanen gundumar Buzi har sun fito suna tsintar kwanon rufinsu, ana barka da arziki iska ta wuce, sai ga ruwa bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Ya shanye tagogi, ya narkar da ɗakunan ƙasa. Waɗanda suka tsira sun kwana a kan bishiyoyi, da rufin 'yan gine-ginen siminti, da matakalar 'yan kallo ta filin wasan garin Buzi, wasu kwana uku wasu fiye, ruwan sama na dukansu, babu abin sa wa a baki.

Hukumomi sun tabbatar da mutuwar sama da mutum 600 a Mozambik, sama da 340 a Zimbabuwe, wajen 60 a Malawi. Gawar da aka gani aka ƙirga ke nan. A gundumar Chimanimani ta Zimbabuwe, ruwa da duwatsu sun share wani gari mai suna Kopa cikin dare, aka riƙa tsintar mutanensa a ƙetaren iyaka, ƙauyawan Mozambik suka binne su ba tare da sanin sunayensu ba. Ɗaruruwa har yau a jerin waɗanda suka ɓace suke.

Na zaɓi Idai ne saboda ta fito da wani abu fili wanda ke maimaita kansa kusan duk inda guguwa ta faɗa wa mutanen karkara. Agaji hanyar mota yake bi, yana bin inda waya ke shiga, yana bin inda aka riga aka rubuta sunayen mutane. Wanda ke nesa da waɗannan shi ke jin gargaɗi a makare, shi ake ceto a ƙarshe, kuma idan an zo sake gini shi ake mantawa. Mugun nufi ba shi da yawa a cikin lamarin. Yadda aka ƙera injin agajin ne ke jawo haka, shi ya sa ya kamata a buɗe shi a ga yadda yake juyawa.

Da farko, ita wannan guguwa ba irin iskar farkon damina ba ce da muka sani, mai zuwa da ƙura ta kwashe rufin makaranta cikin rabin sa'a ta wuce. Wannan a kan teku mai ɗumi ake haifar ta, faɗinta ɗaruruwan kilomita, kuma ta hanya uku take kisa: iska, da tunkuɗo ruwan teku kan tudu, da ruwan sama mai cika koguna. Alherinta guda shi ne ba ta zuwa a ɓoye. Tauraron ɗan Adam na ganin ta kwanaki kafin ta iso. An ga Idai. Gwamnatin Mozambik ta ayyana gargaɗi mafi tsanani tun 12 ga Maris. To me ya hana mutane gudu?

Abin da aka faɗa musu iska ce. Suka ɗora duwatsu da buhunan yashi a kan rufi, suka shige ɗaki, wanda shi ne daidai idan iska kaɗai ake jira. Maganar cewa kogi zai haura inda bai taɓa kaiwa ba a sanin dattawan gari, ba ta isa kunnen mafi yawansu da harshen da za su gane ba. Sanarwar da ke cewa milimita kaza na ruwa zai zuba ba ta gaya wa manomi ko ya kwance awakinsa ya hau tudu. Abin takaicin shi ne gundumar Buzi na cikin wuraren da aka fi yabo a ƙasar wajen shirin ambaliya. Bayan ambaliyar shekarar 2000, wadda ta kashe wajen mutum 700, wadda a cikinta ne wata mata ta haihu a kan bishiya har hotonta ya zagaya duniya, an kafa kwamitocin sa-kai a ƙauyuka, da masu karanta ma'aunin kogi, da rediyon oba-oba, da tutoci masu launi. Amma Idai ta fara da kashe sadarwar ne, ruwa kuma ya tafi da ma'aunan. Mai lura da kogi a sama ya ga ruwa na tahowa, bai da hanyar gaya wa na ƙasa.

Sai batun kai kaya, wanda a nan ne nisa ke nuna tsadarsa. Babbar hanyar da ta haɗa Beira da sauran ƙasa, har zuwa Zimbabuwe, ruwa ya yanke ta, sai bayan fiye da mako guda aka samu aka yi mata ciko manyan motoci suka fara wucewa. Kafin nan komai ta sama ne ko ta ruwa. Filin jirgin Beira ya zama ofis, ya zama sito, ya zama wurin kwanan ma'aikatan agaji.

A yi ɗan lissafi. Ma'aunin da hukumomin agaji ke amfani da shi na abincin mutum ɗaya a yini ya ɗan haura rabin kilo na busasshen abinci: hatsi, wake, mai, gishiri. Ƙauye mai mutum 5,000 na buƙatar wajen tan uku ke nan kullum. Babban jirgi mai saukar ungulu irin wanda Hukumar Abinci ta Duniya ke haya, abin da yake ɗauka a sawu guda bai wuce tan uku zuwa huɗu ba. Tirela ɗaya kuwa tan 30 take ja. Mutanen da aka ce suna buƙatar agaji a Mozambik kaɗai miliyan 1.85 ne. In da ta sama za a ciyar da su duka, sai an yi sawu wajen 300 a kowace rana, alhali a kwanakin farko jiragen da ke wurin ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Kuma waɗannan 'yan jiragen su ne dai masu ɗauko mutane daga kan bishiya. Matuƙi na shawagi a kan ruwa, ga mutane a kan rufi suna ɗaga masa zane, dole ya zaɓa: ya ɗauki yara da marasa lafiya, sauran ya jefa musu biskit mai ƙara kuzari da ruwan sha, ya tafi da niyyar dawowa. Wani biskit ɗin a cikin ruwa yake faɗawa.

Mai rabon jirage ba azzalumi ba ne idan ya fara da inda mutane suka fi taruwa. Sawu ɗaya zuwa sansanin mutum dubu goma ya fi sawu goma zuwa rugage goma, in dai yawan rayuka ake dubawa. Sai dai wannan hukunci, da yake daidai a kowace safiya, idan aka maimaita shi kwana talatin, sakamakonsa shi ne akwai ƙauyukan da ba su ga kowa ba har wata ya kusa cika. Haka ya faru a sassan Buzi da Chibabava da Sussundenga.

Sojojin Afirka ta Kudu sun kawo jirage, jiragen ruwan yaƙin Indiya uku da ke kusa sun karkato zuwa Beira, kuma sun yi aiki. Amma da yawa daga cikin mutanen Buzi, masunta ne suka kwaso su a jiragen katako, tafiyar sa'o'i ta bakin kogi da gaɓar teku, suka sauke su a rairayin Beira. Kafin masuntan ma, maƙwabci ne ya miƙa wa maƙwabci hannu ya ja shi kan reshe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma kuɗin agaji ba ya biyowa ta hannunsa. A taron Istanbul na 2016 manyan masu ba da agaji sun yi alkawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin cikin gida. Abin da ke isa gare su kai tsaye, a yawancin shekarun da suka biyo baya, ko kashi 5 bai kai ba. Man fetur na kwalekwalen masunci bai da layi a kasafin kowa.

Idan kaya sun iso, sai a shiga matsala ta gaba, wadda duk wanda ya taɓa tsayawa layin rabon kayan ambaliya ya san ta: takardar sunaye. Baƙon da ya sauka daga jirgi bai san kowa ba, bai jin Sena ko Ndau, harsunan mutanen yankin, kuma minti talatin gare shi. Dole ya dogara da mai unguwa ko sakataren unguwa ya ba shi jerin magidanta. Daga wannan lokaci, alƙalamin mai rubuta suna ya fi buhun shinkafar daraja. A watan Afrilun 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa a gundumar Nhamatanda wasu shugabannin unguwanni sun riƙa karɓar kuɗi kafin su sa suna, matan da ba su da kuɗi kuma aka nemi su ba da kansu a kan buhun abinci. Jerin ma sau da yawa sunan maigida namiji yake ɗauka, sai bazawara da matar da mijinta ya tafi ci-rani su zama ba sa cikin lissafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon ya fi tsagewa inda babu ɗan jarida, babu lambar kai ƙara da ke shiga, mai sa ido kuma ba zai sake dawowa ba sai wani watan. Maganin wannan ba a ranar rabo ake nemo shi ba. Rajistar magidanta da aka yi tun lafiya lau, aka karanta ta a bainar jama'a, mata na zaune, ita ce ke rage ikon alƙalamin.

Akwai abin da ya yi kyau, kuma ya cancanci a faɗe shi. An tabbatar da ɓullar kwalara a Beira ranar 27 ga Maris. Cikin mako guda allurai kusan 900,000 na rigakafin da ake ɗigawa a baki suka sauka, aka yi wa sama da mutum 800,000 cikin kwana shida a Beira da Dondo da Nhamatanda da Buzi. Mutum sama da 6,700 suka kamu, waɗanda suka mutu ba su kai goma ba. Dalilin nasarar shi ne akwai rumbun rigakafin kwalara na duniya da aka tanada tun 2013, ana jiran irin wannan rana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka ma a cikin Beira, manyan magudanan ruwa da aka kammala gyarawa da kuɗin Bankin Duniya jim kaɗan kafin guguwar sun sa ruwa ya janye da wuri a unguwannin da suka ratsa. Duk abin da ya yi aiki a makon farko, an biya kuɗinsa ne shekaru kafin nan.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ranar 25 ga Afrilu, mako shida bayan Idai, guguwar Kenneth ta faɗa wa lardin Cabo Delgado a arewa, da iskar da ta fi ta Idai ƙarfi. Ta ragargaza Macomia da Quissanga da tsibirin Ibo, yankin da tun Oktoban 2017 'yan bindiga ke kai hare-hare. A can ba ruwa kaɗai ke hana mota wucewa ba.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, wato bayan kyamarori sun tafi. Kuɗin gaggawa yakan zo da ɗan sauri, domin hoton yaro a kan bishiya na taɓa zuciya. Asusun gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya ya saki dala miliyan 20 cikin 'yan kwanaki, aka kuma nemi dala miliyan 282 na wata uku. Kuɗin sake gini wani abu ne daban. Ƙididdigar da gwamnati ta yi tare da Bankin Duniya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ana buƙatar dala biliyan 3.2 don gyara ɓarnar Idai da Kenneth. Aka kira taron masu ba da tallafi a Beira a ƙarshen Mayu, aka tashi da alkawarin biliyan 1.2. Alkawarin ma ba kuɗi ne a hannu ba. Wani tsohon aiki ne aka sauya wa suna, wani sai an shekara ana cike takardu. Dala miliyan 118 da asusun IMF ya bayar a watan Afrilu kuwa bashi ne, ko da yake marar ruwa. Ƙasar da hayaƙin da take fitarwa bai taka kara ya karya ba, ita ce ke cin bashi don gyara ɓarnar guguwa.

Sai dai a yi adalci, masu ba da kuɗin na da dalilin ɗari-ɗari. A 2016 ne asiri ya tonu cewa jami'an Mozambik sun ciyo bashin wajen dala biliyan 2 a ɓoye da sunan jiragen kamun kifi da tsaron teku, har masu tallafi suka daina zuba kuɗi kai tsaye a kasafin gwamnati. Kusan wata uku kafin Idai aka kama tsohon ministan kuɗi Manuel Chang a Afirka ta Kudu kan wannan badaƙala. Saboda haka kuɗin sake gini ya biyo ta ofisoshin ayyuka da ƙungiyoyi, kowanne da ƙa'idarsa da masu bincikensa. Satar da aka yi a Maputo, babban birnin ƙasar, matar da ke kwana a tanti a Buzi ce ta biya ta da shekarun jira.

Ko kuɗin da ya samu, yadda ake auna asara na tura shi wajen birni. Da dala ake auna ɓarna. Gada, tashar jiragen ruwa, layin lantarki, kowanne miliyoyi ne a takarda. Ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa, da rumbu, da awaki biyar, da irin shukar da aka adana a tulu, duka ba su kai kuɗin tayar tirela ba, alhali su ne dukiyar gidan gaba ɗaya. Gidaje wajen 240,000 ne suka rushe ko suka lalace. Gonaki sama da hekta 700,000 ruwa ya shanye, ana saura 'yan makonni a fara girbin masara. Manomin da ya rasa wannan ya rasa abincin shekara da irin baɗi a dare ɗaya. Shi ya sa a ganina rabon iri da fartanya da aka yi cikin gaggawa a watan Afrilu, don a cim ma shukar zagaye na biyu a danshin da ruwa ya bari, ya fi tarin kayan da aka yi ta ɗaukar hotonsu amfani. Iri na da lokaci. In ya makara da mako uku, ya zama abincin kaji.

Ɗan kwangila ma lissafi yake yi. Gina gida ɗari a gefen kwalta ya fi masa riba a kan gina talatin a inda sai an ɗauki siminti a kwalekwale. Hukumar da za ta kai rahoton yawan gidajen da ta gina ita ma adadi take so. Kowa ya bi hankalinsa, ƙauyen nesa ya sake zama na ƙarshe.

Gwamnati ta ɗauki matakin da gwamnatoci suka saba ɗauka: a tashi mutane daga fadama a mai da su tudu. Aka buɗe matsugunai wajen 70, irin su Guara-Guara a Buzi, aka yanka wa kowane gida fili, aka ba shi tanti. A takarda babu abin zargi, wa zai ce a bar mutane a bakin kogin da ya ci 'yan'uwansu? Amma mutum bai zauna a fadama don wauta ba. Can ne ƙasa ke da albarka, can ne kifi yake. Tudun da aka kai shi sau da yawa jigawa ce, rijiya da nisa, makaranta da asibiti sai an gina, filayen noman kewaye kuma da masu su. Sai aka koma gida biyu: mata da yara a tudu don kada a rasa fili da rabon abinci, maigida ya koma bukka a gona. Wasu suka tattara suka koma gaba ɗaya. Da guguwar Eloise ta biyo ta wannan hanya a Janairun 2021, kusan shekara biyu bayan Idai, dubun-dubatar mutane na cikin waɗannan matsugunai, da yawansu a ƙarƙashin tamfol ɗin da rana ta riga ta cinye. Ta yayyaga dubbai.

Gini mai jure iska kuwa ba wani sihiri ba ne. Azuzuwan da aka gina a ƙarƙashin shirin makarantu masu aminci, wanda hukumar UN-Habitat ta taimaka wajen tsarawa, sun tsaya da rufinsu a inda na kusa da su suka tashi. Bambancin 'yan abubuwa ne: a ɗaure katakon rufi da bango da ƙarfe, a matso da tazarar katakai, a yi amfani da kwano mai kauri da ƙusa mai riƙo, kada a bar baki mai tsawo da iska za ta kama. Kafintan ƙauye na iya koyon wannan cikin 'yan kwanaki, kuma shi ba ya komawa babban birni idan kwangila ta ƙare.

Wanda ke shakkar cewa shiri na rage mutuwa, ya dubi Bangaladash. Guguwar Nuwamban 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a can. Ta 1991 ta kashe wajen 138,000. Da Amphan ta zo a Mayun 2020, an kwashe sama da mutum miliyan biyu, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 30 ba. Tun bayan guguwar 1970 an gina dubban mafaka a kan dogayen ginshiƙai, waɗanda makarantu ne a sauran ranaku, aka kuma tara 'yan sa-kai sama da 70,000, wajen rabinsu mata, masu bi gida-gida da lasifika. Wani abin da suka gano ya burge ni: mutum ba ya barin saniyarsa ya gudu. Sai suka riƙa tara tudun ƙasa kusa da mafaka don dabbobi. Wanda ya zauna da mutanen ne kaɗai zai san cewa abin da ke hana tsira wani lokaci igiyar saniya ce.

Mozambik ma ta koyi wani abu. Guguwar Freddy ta 2023, wadda ta yi kwana 36 tana yawo har ta kafa tarihin daɗewa, sau biyu ta hau ƙasar, na biyun kusa da Quelimane ranar 11 ga Maris. An kwashe mutane tun kafin ta iso, rediyoyin al'umma suka yi ta shela da harsunan gida, waɗanda suka mutu ba su kai 200 ba. A Malawi kuwa, inda laka da duwatsu suka zubo daga tsaunuka kan unguwannin Blantyre da ƙauyukan Mulanje da Phalombe, matattu da ɓatattu sun haura 1,000. Yanayin ƙasar ba ɗaya ba ne, kada a matsa kwatancen da yawa. Amma ya nuna cewa gargaɗin ambaliya bai isa ga wanda dutse zai faɗo wa ba.

Sabon tunanin da ke tashe yanzu shi ne a saki kuɗi tun kafin bala'in ya sauka. Ana yarjejeniya tun da wuri cewa idan hasashe ya kai mataki kaza, kuɗi zai fita ba tare da wani taro ba. An gwada a Bangaladash a Yulin 2020: asusun gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya ya saki dala miliyan 5.2 cikin 'yan sa'o'i, aka tura wa kowane magidanci taka 4,500 (kuɗin ƙasar ke nan) ta waya kafin kogin Jamuna ya kai ƙololuwa. Binciken da ya biyo baya ya nuna waɗanda suka samu sun fi kwashe iyali da dabbobi, kuma sun fi samun abin ci. Akwai kuma inshorar ƙasashe, kamar ta hukumar ARC ta Tarayyar Afirka, wadda ta biya Madagaska dala miliyan 10.7 bayan guguwar Batsirai a 2022. Ina goyon bayan wannan hanya, amma ba na son a ɗauke ta maganin komai. Guguwa na iya kaucewa, kuɗi ya riga ya fita, mai ba da tallafi ya fara tsaki. Kuɗin waya na buƙatar waya, da katin shaida, da wakilin cire kuɗi mai tsaba a aljihu, da kasuwar da ba ta nutse ba. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ƙauyen nesa ba shi da su. In ba a yi hattara ba, sabon tsarin zai sake zaɓar mutanen bakin kwalta, da sauri fiye da da. Ga ƙauyen da ruwa ke yankewa duk shekara, sito a kan tudu mai hatsi da tamfol da maganin tsarkake ruwa, da kwalekwale mai inji da mansa, da rediyon da ba ya jiran lantarki, sun fi saƙon banki.

Kuɗin yin hakan fa? Asusun biyan asarar sauyin yanayi da aka amince da shi a Masar a 2022 ya tara alkawarin wajen dala miliyan 700 a taron Dubai na 2023. Wannan na duniya ne baki ɗaya, kuma bai kai rubu'in abin da Mozambik kaɗai ta buƙata bayan Idai da Kenneth ba. A tsakiyar Disambar 2024 guguwar Chido ta daki Cabo Delgado da Nampula ta kashe mutum 120, Dikeledi ta biyo a Janairu, Jude a Maris. A daidai wannan tsakani ne gwamnatin Amurka, wadda ta fi kowa ba da agaji a ƙasar, ta dakatar da tallafin ƙetare, daga baya ta rufe hukumar USAID a Yulin 2025. Idan kasafi ya tsuke, hukumomi kan koma ga lissafin nan na mutum nawa dala ɗaya za ta ciyar, kuma abin da ya fi tsada a kan kowane mutum shi ake fara yankewa: hayar jirgi mai saukar ungulu, da ƙaramin ofishin gunduma, da siton da aka cika ana jiran guguwar da wataƙila ba za ta zo bana ba. A gaɓar Mozambik, lokacin guguwa na kamawa ne daga Nuwamba zuwa Afrilu, kuma masarar fadamar Buzi a watan Maris take nuna.